Cikon Tsakar Gidanmu

Layinmu a Talaje kwari ne. Idan aka yi ruwa mai ƙarfi, duk abin da ya sauka a unguwannin da suke sama da mu wurinmu yake gangarowa, ya bi ta ƙarƙashin ƙofa ya shiga ɗakuna. Shi ya sa kowace shekara, da zarar zafi ya kusa ƙarewa aka fara ganin hadari ta gabas, sai mutane su shiga neman ciko. Ciko shi ne duk abin da za a zuba a tsakar gida ko a ƙofar gida don ƙasa ta ɗaga: fasassun bulo, toka, ɓaraguzan gini, har da sharar bola. Na sha ganin dattijai sun tare mai amalanken jaki da ya ɗebo shara, suna roƙonsa ya juye a ƙofarsu. Wanda ya fi maƙwabcinsa tudu, ko da kaɗan ne, ruwa zai wuce shi ya faɗa gidan maƙwabcin. Ba a faɗar haka a fili, amma kowa da ido yake auna dokin ƙofar ɗan'uwansa.

Gidanmu ne ya fi kowane gida zurfi. Tun da mahaifinmu ya rasu babu mai bin amalanke a madadinmu. Mu huɗu ne a gidan: Inna, da ni, da yayata wadda mijinta yake aiki can arewa, da ƴarta da aka sa wa sunana. Takwara nake ce mata. A lokacin ina ƙetare gada kullum zuwa jami'a, ina karatun adabi, kuma rabin hankalina yana kan waƙoƙin da nake rubutawa a cikin faba-faba, ƙaramar motar haya, idan na samu wurin zama kusa da taga.

A ƙarshen layin akwai wani Alhaji mai sana'ar tsofaffin batir. Ana kawo masa na manyan motoci da na sola, ma'aikatansa su fasa su da gatari, su tsiyaye ruwan a ƙasa, su narka dalmar da ke ciki a rabin tano, wato gangar ƙarfe. Mun girma da hayaƙin wurin, mai barin wani ɗan zaƙi a harshe, har muka daina jin sa. Shekarar da nake ba da labari, Alhajin ya yi niyyar zuba siminti a filin aikinsa, sai ya sa aka haƙe ƙasar wurin. Ya ce ba zai sayar ba, sadaka ce ga layi, kuma gidan marigayi za a fara kaiwa, domin mahaifinmu abokin sahunsa ne a masallaci.

Ina tuna ranar da aka juye ta. Ƙasa ce mai duhun toka, mai nauyi, shebur ɗaya sai mutum ya yi nishi. Idan rana ta bugi gefenta sai ta riƙa ƙyalli ƙanana-ƙanana. Na tsuguna na daɗe ina kallo, na ce a raina an kawo mana guntun sararin dare an shimfiɗa a tsakar gida. Da aka yayyafa ruwa aka daddaɓe ta, sai ta kama kamar daɓen siminti. Ciyawa ba ta fito a kanta ba. Tururuwa ta daina bin gindin bango, gara ma ta bar ƙofar kicin. Inna ta riƙa nuna wa baƙi, tana buga ƙafa a kai, tana cewa su ji ƙarfinta. Sauran gidajen layin duk suka samu rabonsu, har da harabar da yara suke karatun yamma.

Daminar nan ruwa bai shiga ɗakinmu ba. Karo na farko ke nan da muka zauna a baranda muna kallon ruwan sama ba tare da bokiti a hannu ba. Inna ta yi dambun zogale mai yawa, ta zuba a kwanon da ba ta fitar da shi sai da salla, ta aika gidan Alhaji.

A kan wannan ƙasa takwarata ta koyi rarrafe, a kanta ta fara tafiya. Kamar kowane yaro, abin da hannunta ya taɓa bakinta yake zuwa. Idan yayata ta yi faɗa, Inna takan ce a bar ta, duk mun ci ƙasa mun girma. Yarinya ce mai saurin baki. Ta iya cewa ruwa, ta iya kiran kaza, ni kuma tana ce mini "Takwa", da wani jan murya a ƙarshe kamar tana tambaya.

Kajin Inna ne suka fara mutuwa, ɗaya bayan ɗaya, aka ce cutar kaji ce ta shigo gari. Daga baya takwara ta fara ƙin abinci. Cikinta ya riƙa ɗaurewa, tana kuka tana naɗe ƙafafu. Tafin hannunta ya yi fari. Aka ce haƙora ne, aka ce palu ne, wato zazzaɓin cizon sauro, aka ba ta maganin palu har aka gaji. Abin da ya fi tsorata ni shi ne kalmominta da suka riƙa ɓacewa. Sai in dawo daga jami'a in tsaya a bakin ƙofa ina jiran ta kira ni, ta ɗago ta dube ni kawai, ta mai da kanta ƙasa. Wata ranar Juma'a da hantsi, tana zaune kusa da turmi, ta sandare ta faɗi tana karkarwa, idanunta suka juye.

Maƙwabciyarmu ta jikin bango ce ta ɗauke ta a guje zuwa asibiti. Ma'aikaciyar jinya ce, Kirista, mutuniyar Dogon Dutsi, mu yaran layi Tanti muke ce mata. Ita Ba'ara ce, mu kuma asalinmu Barebarin Damagaram, ƙabilun biyu kuwa abokan wasa ne, saboda haka ita da Inna ba sa haɗuwa ba su yi wasa ba. "Baiwata" take kiran Inna, Inna kuma ta ce wa ya taɓa ganin Ba'ara da baiwa, ai ko zanen da ke jikinta na aro ne. Ranar ba su yi wasa ba.

Gwajin palu bai nuna komai ba. Tanti ta ce ita ma ba ta san mene ne ba, amma ta lura yaran layinmu sun yawaita zuwa da ciwon ciki da ƙarancin jini, kuma ta gaya wa likita irin sana'ar da ake yi a ƙarshen layin. Likitan ya yi wa yayata tambayoyi, a ina yarinyar take wasa, me take sawa a baki. Ya ɗebi jini ya aika wani wuri, muka yi makonni muna jira. Da sakamakon ya dawo ya ce dalma ce a jininta, mai yawa. Ya ce akwai magani, zai ba ta, amma maganin ba zai yi amfani ba muddin za ta koma ta zauna a kan ƙasar da ta ba ta ciwon. Ya ƙara da cewa abin da dalma ta taɓa a ƙwaƙwalwar yaro ba kullum yake dawowa ba.

Tun daga ranar yayata ta daina ajiye ta. Da safe za ta goya ta, da goyon za ta yi wanki, da shi za ta yi girki, da shi za ta yi shara bayan ta jiƙa ƙasa. Yarinyar da ta riga ta ɗanɗana tafiya ba ta son goyo. Tana harbi da ƙafa, tana miƙa hannu ƙasa, tana kuka har muryarta ta dushe. Inda kullin zane yake zama a ƙirjin yayata ya yi ja, daga baya ya saluɓe.

Inna kuwa ta ƙi yarda a yi maganar a waje. Tanti ta zauna da ita a baranda tana lallashi.

"Baiwata, ba gidanku kaɗai ba ne. Duk layin nan a kanta yara suke zaune."

"Mutumin da ya tuna da mu ranar da dangin ubansu suka manta," in ji Inna, "shi zan fita in ce ya ba mu guba? Da wane baki?"

"Da bakin da kika yi masa godiya. Ai bai ƙare ba, Barebari ba sa rasa baki."

Inna ba ta yi dariya ba, amma ba ta hana ni bin Tanti ba.

Mun fara da foyandi, taron da matan layi suke yi a gidan ɗayansu, a ci abinci a yi hira. Tanti ta yi bayani da Hausa, ta maimaita da Zabarmanci. Ta ce a daina shara a bushe, a wanke hannun yara kafin su ci, a shimfiɗa musu tabarma, amma maganin gaskiya shi ne a kwashe ƙasar gaba ɗaya. Matan sun saurara da ladabi har ta kai kan kwashewa. Nan wata ta ce nata yaran lafiyarsu ƙalau, ga su can suna tsalle. Wata ta dube ni ta ce ƴan jami'a ba su haihu ba amma sun fi kowa sanin reno. Wata tsohuwa Bazabarma da ɗakinta ya taɓa rushewa a kanta ta ce ita ta yarda da duk abin da Tanti ta faɗa, amma a gaya mata wanda zai kawo wata ƙasar kafin hadari ya haɗu. Ta ce ciwon da muke magana a kai ba ta gan shi da ido ba, ruwa kuwa ta gan shi har wuyanta. Ta dafa gwiwata ta ce kala suru, wato sai haƙuri, aka ci gaba da rabon shinkafa.

Maganar ta kai kunnen Alhaji. Ya zo da kansa bayan la'asar, ya yi sallama, aka shimfiɗa masa tabarma a zaure. Na kawo masa ruwa, na ga yadda kofin yake rawa a hannunsa, sai da ya tallafa da ɗayan. Bai ɗaga murya ba.

"Hajiya, ƴaƴana a kan ƙasar nan suka yi rarrafe. Ni da hannun nan nake fasa batir, da shi nake cin tuwo tun ina saurayi. Da na san cuta ce, gidan marigayi zan fara kaiwa?"

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ba shi haƙuri. Ta ce yara ne, ya yafe. Ina tsaye a bayan labule ina jin uwata tana neman gafara, daga tsakar gida kuma ina jin kukan takwara a bayan uwarta. Tanti ta tare shi a ƙofa ta ce ya zo asibiti a duba hannun nan nasa. Ya yi murmushi ya ce tsufa ne, Madam.

Daga nan muka ce sai hukuma. Tanti tana aiki da safe, ni ce mai Faransanci mai santsi, saboda haka ni aka tura Plato, unguwar ofisoshin gwamnati. Na cika gwangwanin madara da ƙasar tsakar gidanmu, na danne murfin, na sa a jaka. Nauyinsa ya sa igiyar jakar ta yi mini sawu a kafaɗa.

Plato wata duniya ce. Itatuwa masu inuwa, tituna a share, masu gadi suna shan shayi a gindin katanga. A wani ofishin kula da muhalli da aka nuna mini, wani mutum mai fara'a ya karɓe ni. Akwai hotuna a bangonsa na yara suna dasa itace. Ya saurare ni har ƙarshe, ya yaba Faransancina, ya tambayi makarantar da na yi. Na ciro gwangwanin na ɗora a teburinsa, na kai hannu zan buɗe.

"A'a, Madmazel, kar ki buɗe shi a nan."

Ya jawo kofin shayinsa zuwa ɗaya gefen teburin, ya ɗora takarda a bakin kofin. Ya san abin da ke ciki sarai, ya fi ni sani. Ya ce lamari ne mai muhimmanci, amma ƙasar cikin unguwa ta ofishin magajin gari ce. A can aka ce mini tun da har akwai mara lafiya, masu kula da lafiya zan gani. Su kuma suka ce aikinsu jinyar yarinya, kuma ana yi, ƙasa ba tasu ba ce. Na koma wurin mai fara'ar. Ya ce in bar gwangwanin za a duba, kuma idan mun kwashe ƙasar mun zuba a buhu, zai yi ƙoƙari a turo mota ta kai ta inda ya dace. Da zan fita ya ce ya ji ina rubuta waƙa. Suna da wani taro kan muhalli, suna neman muryar matasa.

Na je. A wani otel ne a bakin kogi, da sanyin na'ura da ruwan gora a gaban kowa. Na yi tunanin idan manya suka ji da kunnensu wani abu zai motsa. Na karanta waƙa a kan yarinyar da aka hana ta taka ƙasa, na faɗi sunan unguwarmu a ciki don kada a ɗauka ƙirƙira ce. Aka yi tafi mai tsawo. Wata mata mai ƙamshin turare ta rungume ni ta ce na sa ta hawaye. Sai aka ce a wuce wurin abinci. Bayan wasu makonni na sake komawa ofishin don in tuna musu da motar. Mai fara'ar ya yi tafiya. Ƙofarsa a buɗe take don iska ta shiga, kuma abin da aka tokare ta da shi a ƙasa gwangwanina ne. Ko murfin ba a taɓa ba. Yana da nauyi, ya dace da aikin.

Yayata ce ta fara haƙa. Ba ta yi shawara da kowa ba. Wata safiya ta miƙa wa Tanti yarinyar ta kan katanga, ta ɗauki fartanya ta sara tsakiyar gidan. Inna ta fito ta tsaya tana kallon daɓen da take alfahari da shi yana tsagewa. Ta daɗe a tsaye, sannan ta shiga kicin ta ɗauko bokiti ta fara yayyafa ruwa don kada ƙura ta tashi, kamar yadda Tanti ta koya mana. Muka samo leburori, muka ɗaure hanci da baki, muka yi kwanaki muna yi. Muka zuba ƙasar a buhunan shinkafa, muka ɗaure bakinsu, muka jera a jikin katangarmu ta waje muna jiran mota. Na samo jan fenti na rubuta "guba" a jikin kowane buhu. A madadinta muka zuba yashin kogi, iya wanda muka samu, bai kai rabin abin da muka cire ba. Amma da yamma yayata ta sauke takwara a kan yashin. Yarinyar ta tsaya tana tangaɗi, tana nutsa yatsun ƙafarta a ciki, ta yi wata ƴar dariya da muka daɗe ba mu ji ba.

Motar ba ta zo ba. Hadari kuwa ya fara haɗuwa. Sai na lura buhunan suna raguwa. Na zaci ma'aikata ne suke zuwa ba ma nan, har na ji daɗi. Wata rana ina dawowa daga jami'a na gan su. A ƙofar gidajen layinmu suke, an jera su an tare bakin ƙofa, kamar yadda ake yi da buhun yashi kowace damina. Wasu sun juya rubutun ya dubi bango. Wasu ko juyawa ba su yi ba, ga jan rubutuna nan a fili. Na tsaya a ƙofar matar da ta ce ƴan jami'a ba su haihu ba, na ce mata abin da ke cikin buhun nan shi ya kwantar da takwarata. Ta ce ai a ɗaure yake, kuma da ya zauna a banza a jikin katangarmu.

Ruwan farko mai ƙarfi da azahar ya sauko. Yanzu kowane gida a layin ya fi namu tudu, fiye da yadda yake a da. Ruwan ya wanke tsakar gidajensu, ya wanke layin, ya bi ta jikin buhunan da rana ta riga ta cinye har sun fara yagewa, ya taru ya shigo mana. Muka koma kan bokiti kamar shekarun baya, yayata tana tsaye a kan gado da yarinya a baya. Washegari ruwan ya janye. Yashinmu ya tafi da shi. Abin da ya bari a tsakar gida, da cikin ɗakuna, da ƙarƙashin gado, wani laɓu ne, taɓo mai duhun toka. Da rana ta fito ya fara bushewa, sai ga ƙyallin nan ƙanana-ƙanana.

Inna ta tsuguna ta lakato da yatsa, ta duba, ta goge a bakin zanenta.

"Ta dawo," ta ce.

Yayata ta juya. Ta shiga ɗaki ta fara haɗa kaya. Cikin makon muka raka su tasha, suka hau motar Damagaram, gidan kakar yarinyar ta wajen uba. Tanti ta rubuta musu yadda za a ci gaba da maganin a can. Da yayata za ta shiga mota, Inna ta karɓi jikarta ta riƙe, har sai da direba ya yi magana. A hanyar dawowa Tanti ta ce, "Baiwata, yau na ƴanta ki, ki yi kukanki." Inna ta ce Ba'ara ba ta isa ba, sannan ta yi kukan.

Takwara ta rayu. Yanzu ta shiga lakwal, makarantar boko. Tana gudu, tana cin abinci, tana son zane da alli. Malamarta ta ce tana da haƙuri amma abu ba ya zama a kanta, abin da aka koya yau gobe sai an sake daga farko. Idan muka yi waya yayata takan ce mata ga takwararki, gaishe ta. Sai ta yi shiru, ina jin numfashinta, can ta ce "ina wuni", ko da safe ne. Wancan kiran mai jan murya a ƙarshe ban sake jin sa ba.

Mu muna nan a Talaje. Inna ta ce ba za ta bar gidan da mijinta ya gina ba. Muna shara da ruwa, muna cire takalmi a bakin ɗaki, muna kwashe laɓun bayan kowane ruwa, na gaba ya kawo wani. Alhaji ya zuba simintinsa, aikinsa yana tafiya, sai dai yanzu ɗansa ne yake riƙe masa kofi. Tanti ba ta daina magana a foyandi ba, har an saba, idan ta fara sai a ce Tanti ta hau dokinta. Ni ma ina bin ta. Wasu matan sun fara shimfiɗa tabarma, wasu suna wanke hannun yara. Ƙasar dai tana nan, kuma har yau idan baƙo ya zo layin da damina ya ga ƙofofi a bushe, akan ce masa Allah ya sa sun dace da ciko mai kyau.

Kwanan baya ina wucewa na ga wata jaririya zaune a ƙofar gidansu, kusa da ragowar wani buhu da har yanzu ake ganin ɗan jan fenti a jikinsa. Ta damƙo ƙasa tana kaiwa baki. Na ɗauke ta, na buɗe hannun, na kakkaɓe, na share mata leɓe da gefen mayafina, na shiga na miƙa wa uwarta. Uwar ta yi mini godiya sosai, ta tambayi lafiyar Inna da labarin mutanen Damagaram. Tana da tukunya a kan wuta. Kafin in kai bakin ƙofa ta sauke yarinyar a tsakar gida, ta koma kan girkinta.